Batir ya mutu: a jona waya, a tura, ko a ɗauko na maƙwabci?

Abban Fatima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Corolla ce 2008, otomatik. Na yi tafiya na bar ta a gareji kusan wata guda. Yau na zo tayarwa, ina murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas kawai take yi, fitilun dashbod suna dushewa, hon ma da ƙyar yake fita. Yaron maƙwabcina ya ce abu mai sauƙi ne: zai kwance batirin motarsu ya ɗaura a tawa, in ta tashi sai mu zare nasu injin yana aiki mu mayar da nawa, ita da kanta za ta cika shi. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Haka ake yi ko akwai matsala?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Haka ake yi mana, ɗana. Mu da muka ja 504 a hanyar Kano zuwa Jos, lokacin hunturu batir ɗaya ne yake zagaya tasha da asuba. A ɗora, a buga, ta kama, a zare, a kai wa na gaba. Wani lokaci ma ba a kwance komai, a kifa batirin a kan wancan ko a haɗa su da sifana biyu. Ban taɓa ganin motar da ta ƙone saboda haka ba. Yaran yanzu ne suka cika tsoro.

Oga Riwaya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa abin da idonka ya gani ba, amma 504 daban, Corolla 2008 daban. Waccan kafireto ce da kwayil da kwantak, kayan lantarki masu laushi da wuta za ta lalata kaɗan ne a cikinta. Wannan kuwa kwamfuta ce take tafiyar da ita, abin da muke kira birenbos. Ita ke ba da mai, ita ke ba da wuta ga fulogi, ita ke sauya giya.

@Abban Fatima, don Allah kada ka bari a zare batir injin yana aiki. Ga dalili. Da zarar injin ya tashi, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, tana turo wuta, batir kuma shi ne shokozoban wannan wutar, shi yake shanye hawa da saukarta ta tsaya a wajen bolt 14. In ka cire shi ana cikin caji, wutar ba ta da wurin zuwa, sai ta yi tsalle sama ƙwarai na ɗan ƙiftawar ido. Wannan ƙiftawar idon ta isa ta kashe dayod ɗin altaneta, ko rediyo, ko birenbos ɗin kanta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba kullum take kashewa nan take ba. Wani ya yi ya sha, wani ya yi motar ta ci gaba da tafiya, sai bayan kwana biyu fitilar caji ta kama a dashbod, ba wanda zai tuna da ranar da aka zare batir. Ga kuma wayar ja tana lilo a hannun yaro da wuta a jikinta. Ta taɓa bodi, shi ke nan.

Nemi wayar jam, wato jampa. Ko ba ka da ita, a layinku ba za a rasa mai ita ba.

Baba Direba: To ai na ji. Amma ni dai na san abin da na gani.

Injiniya B.: Baba, abin da ka gani gaskiya ne, kuma maganar Oga Riwaya ma gaskiya ce. Motocin ne suka canza a hannunmu. Amma batun kifa batir da haɗawa da sifana, wannan ko a 504 ganganci ne, Allah ne ya tsare. Batirin da ake buɗe murafunsa in aka kifa shi, asid ne zai zubo a hannu da injin. Sifana kuma in ta zame ta haɗa kan ja da na baƙi, wutar da za ta bi ta cikinta amfiya ɗaruruwa ce, tana iya yin ja zur ta manne.

Abban Fatima: Na gode ƙwarai. Na samu waya wurin wani maƙwabcin, ja da baƙa. Wanne ake fara sawa? Kada in je in haɗa ba daidai ba.

Oga Riwaya: Madalla. Kafin ka taɓa waya, fara duba batirin naka da ido. In ka ga cikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwa na tsatsafowa, ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, to tsaya nan, wannan ba na jam ba ne, na canji ne. In lafiyarsa ƙalau, a matso da ɗaya motar kusa yadda waya za ta kai, amma kada jikin motocin ya haɗu. Kowace a sa ta a P, a ja hambirki, a kashe injin, a kashe fitilu da esi da rediyo, a zare cajar waya.

Sannan duba alamar da ke jikin batir da idonka, + da −. Kada ka dogara da launin wayar mota, don na sha buɗe bonet in tarar wani ya yi gyara ya sa jar waya a wurin baƙa. In datti ya rufe alamar, goge. Kan + ya ɗan fi na − kauri, wannan ma alama ce.

Jar waya: baki ɗaya a kan + na mataccen batir, ɗaya bakin a kan + na mai rai.
Baƙar waya: baki ɗaya a kan − na mai rai. Bakin ƙarshe kuma BA a kan mataccen batir ba. Nemi ƙarfe tsirara a jikin injin motarka, babban noti ko ƙugiyar da ake ɗaga injin da ita, wurin da ba fenti ba maiƙo, nesa da batir, nesa da bututun mai, nesa da fanka da bel.

Daga nan a tayar da mota mai rai, a ɗan taka totur kaɗan a riƙe kamar minti biyar, sannan ka buga taka. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma. In ba ta kama ba, huta minti ɗaya ko biyu, gyara zaman bakin wayoyin, sake gwadawa. In ta tashi, cirewa daga ƙarshe ake farawa: baƙa ta jikin injin, baƙa ta mai rai, ja ta mai rai, ja ta taka. Duk tsawon aikin kada bakin ja da na baƙa su taɓa juna.

Sani Mai Golf: Oga, ni fa wannan na jikin injin ban gane amfaninsa ba. Ai − ɗin batir da bodin mota duk abu ɗaya ne, waya ce ta haɗa su. Kowa a kan batir yake maƙalawa kuma mota tana tashi.

Injiniya B.: Ta fuskar wuta abu ɗaya ne, Malam Sani, ka yi daidai. Ba don wutar ake nisantawa ba, don tartsatsi ne. Duk wayar da ka haɗa a ƙarshe ita ke rufe da'ira, kuma a nan tartsatsi yake fita. Batirin mota kuwa, dalma ce da asid a ciki, yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin da ake cajinsa ko in ya jigata. Iskar nan ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai wajen kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Ba wuta ce mai ci a hankali ba, murfin batirin ne yake tarwatsewa, asid ya watsu, kuma fuskar wanda ya sunkuya yana maƙala waya ita ce mafi kusa. Shi ya sa ake kai tartsatsin can jikin injin, taku ɗaya ko biyu daga batir. Ba kullum take faruwa ba, gaskiya ne. Amma matsar da hannu zuwa noti bai ci maka komai ba, ido kuwa ba a sayo shi.

Akwai ƙarin fa'ida: kik, wato abin da ke juya injin wajen tayarwa, a jikin injin yake ɗaure, don haka in ka maƙala baƙar a injin, wutar ta samu gajeriyar hanya zuwa gare shi.

Anti Nas: Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki a nan don mun ga irin wannan. In asid ya shiga ido, ba a jira a kai asibiti kafin a fara wankewa. Ruwa mai tsabta, mai yawa, a buɗe idon da yatsa a yi ta kwarara aƙalla minti 20, ko da buta ce a yi ta cikowa. Bayan nan sai asibiti, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. In a fata ne, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a yi ta zuba ruwa. Don girman Allah kada a shafa manja, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko ƙwai. Mu sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, kuma mara lafiya ne yake shan azabar.

Na biyu, maza masu zoben azurfa da agogon ƙarfe, ku cire kafin ku sa hannu a bonet. Zobe in ya haɗa kan + da ƙarfen mota, nan take yake zafi ya ƙona yatsa zagaye, kuma ba ya ciruwa da sauri don yatsan ya kumbura. Masu babbar riga da mayafi kuma a tattare, fanka ba ta da sabo.

Baba Direba: Wannan maganar zobe gaskiya ce, 'yata. Na san yaron mota da ya rasa fatar yatsa a haka.

Sani Mai Golf: To wata tambayar. Wasu sun ce a kashe mota mai rai kafin a buga matacciyar, wai don kada altanetarta ta ƙone. Oga kuma ya ce a bar ta a kunne. Wanne ne?

Oga Riwaya: Ni a kunne nake barin ta, don kada a je garin ceton wani batirin mai taimako ya sauka, a koma motoci biyu a ƙasa.

Injiniya B.: A nan ni da Oga mun ɗan bambanta. In motar mai taimako sabuwa ce mai kayan lantarki da yawa, na fi son a bar ta ta yi minti biyar zuwa goma tana cika mataccen, sannan a kashe ta, a buga. Lokacin bugawa kik yana jan amfiya fiye da ɗari ko a ƙaramar mota, ban son altanetar mutumin da ya zo taimako ta ɗauki wannan nauyin. Amma duka biyun ana yi, kuma littafin da ya zo da mota shi ne alƙali. Wanda yake da nasa a akwatin gaba ya buɗe, akwai shafin wannan aikin da zane.

Oga Riwaya: Injiniya, motocin Kwatano nawa ne suke iso mana da littafi? Amma na yarda, in batirin mai taimako lafiyayye ne, hanyarka ba ta da aibu.

Abban Fatima: Alhamdu lillahi ta tashi a bugu na biyu. Na maƙala baƙar a wani noti kusa da kan injin kamar yadda aka ce, na ga ɗan tartsatsi a wurin kuwa. Allah ya saka da alheri. Yanzu in bar ta a silo minti goma ya isa?

Mai Caji: Bai isa ba, Alhaji. Ni sana'ata ke nan, cajin batir, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke kashe batirinsu da hannunsu. Jam tayar da mota kawai yake yi, ba ya cika batir. A silo wutar da altaneta ke bayarwa kaɗan ce, in ka kunna esi ma kusan duk ta tafi can. Hau titi ka yi tafiyar rabin awa ko fiye ba tare da kashewa ba, wannan zai ba ka abin da za ka sake tayarwa. Amma batirin da ya sauka har hon ya daina fita, ba ya komawa daidai da zagayen gari. Altaneta an yi ta ne ta mayar da ɗan abin da kik ya ci, ba ta cika wanda ya faɗi ƙasa warwas ba. Kawo shi a ɗora a caja ya kwana.

Kuma kada ka ce sai mako mai zuwa. Batir in ya zauna babu caji, wani farin gishiri yana kama farantan dalmar da ke ciki. Da farko caji yana narkar da shi. In ya daɗe sai ya taurare, daga nan ko ka kwana uku kana caji batirin ba zai riƙe wuta kamar da ba.

Injiniya B.: Ƙari a kan maganar Mai Caji. Duk mai mota ya kamata ya mallaki 'yar mitar nan ta awon wuta, ba ta da tsada. Batirin mota ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki bolt 2.1, jimla 12.6. In mota ta kwana a kashe ka auna da safe ka ga 12.6, a cike yake. 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya sauka sosai. In kuma an yi masa caji cikakke ya huta ka ga yana nuna wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba caji ba addu'ar makaniki, sai sabo. Sannan tayar da injin ka sake aunawa: tsakanin 13.8 da 14.5 altaneta lafiya. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, ba ta caji, ko sabon batir ka sa kwana kaɗan zai yi. In ta haura 15, tana dafa batirin ne, a duba ta da gaggawa.

Abban Fatima: Na tsaya wurin mai gyara a hanya ya auna, 14.1 injin yana aiki. Zan kai batirin caji da yamma in sha Allahu.

Oga Riwaya: Altanetarka lafiya ke nan. Wajen kwancewa, − ake fara cirewa, wajen ɗaurawa kuma shi ne na ƙarshe. In ka fara da + sifana ta taɓa bodi, wuta ce za ta tashi. Nan gaba in za ka yi doguwar tafiya, cire kan − ɗin ka ajiye gefe. Mota ko a kashe tana shan wuta kaɗan-kaɗan, agogo, rediyo, na'urar tsaro, balle in an sa mata tiraka. Illa dai agogo da tashoshin rediyo za su goge, sai ka sake saitawa.

Hajiya Maman Haneefa: Sannunku da aiki. Ni matsalata wayar ce. Mun sayi wata a bakin titi, ranar da muka buƙace ta sai ta yi zafi har robar ta yi laushi, motar kuma ko motsi. Sai da wani mai tasi ya kawo tasa, bugu ɗaya ta tashi. Ta yaya ake gane ta kirki?

Oga Riwaya: Hajiya, araha ba ta ado. Irin waɗannan roba ce mai kauri, in kika leƙa wurin da ta shiga bakin maƙalawa za ki ga wayar ciki siririya ce, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ki ɗaga ki ji nauyi, ta tagulla tana da nauyi. Ki matsa bakin ki ji ƙarfin sifirin, ki duba haƙoransa. In kina Kano, ki sa a je Ƙofar Ruwa a ce wayar walda ake so a yanko, mita uku ja mita uku baƙa, a sa mata baki masu ƙarfi. Wannan har jikoki.

Hajiya Maman Haneefa: Allah ya yi albarka. To 'yar na'urar nan mai kamar fawabank da ake tayar da mota da ita fa? Ni da nake yawan fita da yara ni kaɗai, ina ganin za ta fi mini sauƙi a kan tsayar da mutane a titi.

Injiniya B.: Tana aiki sosai, Hajiya, kuma ga mai fita ita kaɗai ina ba da shawararta. Masu kyau suna da kariya, in kin juya waya sai su yi ƙara su ƙi ba da wuta. Ki duba an rubuta girman injin da take iya tayarwa. Abu biyu: ki riƙa yi mata caji duk bayan wata biyu ko uku ko ba ki yi amfani da ita ba, kuma batirin litiyam ne a ciki, ba ya son zafi. Kada ta wuni a dashbod ko cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu. Ki riƙa shiga da ita gida.

Ɗan Sakkwato: Duk wannan dogon bayani, ba sai a tura ba kawai? Mu nan yara huɗu sun gama magana.

Baba Direba: A'a ɗana, otomatik ba a tura ta. Ko unguwa guda za ta taru ba za ta tashi ba, sai dai a wahalar da giyabos. Mai kuloc ce ake turawa, ita ma da ƙa'idarta. Ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, in ba haka ba sitiyari zai kulle maka a tsakiyar titi. Giya ta biyu, ba ta ɗaya ba, ta ɗaya fizga take yi. Ka danne kuloc, su tura, in ta ɗauki gudu ka saki da sauri, tana kamawa ka sake dannewa ka ba ta mai. Kuma ku sani, injin a kashe birki tauri yake yi bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma nauyi. Kada a tura a gangara mai mutane a gaba, kada a sa ƙananan yara a bayan mota a hawa, tana dawowa.

Oga Riwaya: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara kawai, motar zamani ko mai kuloc ce, in batirin ya mutu murus har dashbod ba ya kawo haske, turi ba zai yi ba, don famfon mai da birenbos suna buƙatar wuta kafin komai. Kuma yawan turi ba ta tashi yana tara ɗanyen mai a salansa, yana lalata katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikinta.

Baba Direba: Ka ga wannan ban sani ba. Mu famfonmu na mai injin ne yake juya shi.

Auwalu Keke: Mai Caji, batirina ya yi sanyi, wani ya ce in zubar da ruwan in sa sabon asid, wani kuma ya ce in jefa ƙwayar asfirin a kowane rami. Akwai gaskiya a ciki?

Mai Caji: Babu, ƙanena. Asfirin na ciwon kai ne. Abin da ke raguwa a batir ruwa ne, zafi da caji ke ƙafar da shi, asid ɗin yana nan. In ka ƙara asid a kan asid ya yi kauri ya ci farantan. Ruwan batir tatacce ake sawa, wanda ake sayarwa a kwalba, ba na famfo ba, ba na rijiya ba, ba fiyawata ba, duk suna da gishirin da ke kashe batir. Ka buɗe murfi ka leƙa da tocila, ba da ashana ko laita ba. In farantan sun fito fili, zuba har ruwa ya rufe su da kamar faɗin yatsa, kada ka cika har baki don yana tashi lokacin caji. In kuma irin rufaffen nan ne da ba shi da murafu, kada ka ɓalle shi.

Kafin ma ka zargi batirin, duba kawunansa. Farin garin nan ko kore da ke taruwa yana hana wuta wucewa, mota ta yi ƙas-ƙas alhali batir a cike yake. Kwance, wanke da ruwan kanwa ko bekin soda da tsohon buroshi, za ka ga yana kumfa, ɗauraye, shanya, ɗaure tam, shafa ɗan giris a sama. Ka kula kawai kada ruwan kanwar ya shiga cikin ramukan.

Sani Mai Golf: Ni da janareto nake caji a gida, ƙaramin Tiger ɗin nan yana da wurin bolt 12. Akwai laifi?

Mai Caji: Yana fitar da kai kunya, amma ba shi da hankalin tsayawa. Wajen amfiya 8 yake turawa, batir ya cika ko bai cika ba, shi dai turawa yake. Sai ka tsaya a kai. Ƙa'idar da muke bi ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir, wato lambar Ah da ke rubuce a jikinsa: mai 60 a ba shi amfiya 6, mai 75 a ba shi 7 ko 8, ya yi awa goma zuwa sha biyu in ya sauka sosai. Mai gaggawa yana zuwa ya ce a ɗura masa a awa ɗaya zai yi tafiya. Ana iya ɗurawa, amma kwanan batirin ake ragewa, kuma ina gaya wa mutum haka kafin in jona.

In a gida za ka yi, to a tsakar gida ko wurin da iska ke wucewa, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da kurfoti ko maganin sauro mai hayaƙi ba, ba mai shan sigari a kusa. Sassauta murafun. Maƙala wayoyi a batir tukuna kafin ka kunna caja, in an gama kuma kashe caja tukuna kafin ka cire. Ka riƙa taɓa jikinsa, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa ko yana tafasa da ƙarfi, kashe ya huce. Masu sola kuma, kada a jona faranti kai tsaye da batir. Farantin da ake kira na 12 yana iya ba da wajen 20 a rana tsaka, dole sai da kwantirola a tsakani.

In da hali, sayi cajar zamani mai tsayawa da kanta. Masu motocin da ke kashe kansu a danja su tashi, batirinsu yawanci irin na musamman ne da ake kira AGM ko EFB, caja mai saitinsu ake nema musu.

Injiniya B.: Tunda an zo kan motocin zamani: da yawa daga BMW da Marsandi batirinsu a but yake ko ƙarƙashin kujera, amma an tanadi wurin jam a cikin bonet, + da jan murfi da kuma ƙarfen maƙala baƙa. Can ake jonawa. Masu haɗin fetur da lantarki irin Prius su ma suna da ƙaramin batir na 12 da ake yi wa jam ta akwatin fis, amma ba a tayar da wata motar ta wannan wurin. Duk wayar da ka gani ruwan lemo a irin waɗannan motoci, babbar wuta ce mai kisa, ko kusa kada ka je.

Anti Nas: Roƙo ɗaya game da tsohon batir. Kada a ajiye shi a tsakar gida yara suna wasa a kai, kada a fasa a zubar da ruwan a kwata, kada a narka dalmar a gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma dalmar ita ce dai wannan da ke cikin batir, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa. A mayar wa mai sayar da batir, ai suna karɓa su rage kuɗin sabo.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu zafi ne ke cinye mana batir, sai sanyin Disamba ya zo da safe a gane ya riga ya mutu. Tambayata: a hanyar daji sau da yawa babbar mota kawai za ka samu, DAF ko irinta. Za a iya jona ƙaramar mota da ita? Kuma Land Cruiser ɗin maigidana batir biyu gare ta, ita fa?

Oga Riwaya: Wa alaikumus salam mutanen Maraɗi. Manyan motoci wutarsu bolt 24 ce, batir biyu na 12 aka jera. In ka ɗauko 24 ka zuba wa motar 12, fis da ƙwan fitila da birenbos duk za su tafi lokaci guda. In ba makawa, a kashe babbar motar, a kwance batir ɗaya gaba ɗaya daga jikinta, a sauko da shi, a yi jam da shi kaɗai kamar yadda muka faɗa a sama.

Land Cruiser kuwa sai an duba, don akwai masu 12 akwai masu 24 a cikin tsofaffin masu dizal. Bi wayar da ta haɗa batiran biyu. In + na wannan ya tafi + na wancan, − ma haka, to 12 ce. In kuwa + na ɗaya ya tafi − na ɗayan, 24 ce. In kana da mita, auna daga kan + da ke tafiya kik zuwa bodi, za ta gaya maka. Ɗauko hoton cikin bonet ɗin ta sama yadda wayoyin za su fito ka turo nan in duba maka.

Ɗan Maraɗi: To Oga, motar ta fita Dakoro, in ta dawo gobe zan ɗauka in turo.